Hannun da Ke Riƙe Diddige

Kafin likita ya iso, ita ta riga ta iso. Ta goge gadon nan mai rufin leda, ta jera auduga a kan tire, sannan ta tsoma hannuwanta a ruwan ɗumi, wai ƙafar mai tsoro ba ta son hannu mai sanyi. Ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Aikinta a ɗakin allurar ƙafa guda ne: ta riƙe diddigen mara lafiya kada ya motsa har a zare allura. Shekara ashirin da takwas tana wannan, a tsaye. Abokan aiki suka laƙaba mata Turke.

Wanda bai san ciwon diddige ba, ya gode wa Allah. Jijiyar tafin ƙafa ce ke tayar da bori, mutum ya sauko daga gado da safe ya ji kamar ƙusa ya taka. In shafe-shafe da canjin takalmi suka gaza, sai allura, a cikin diddigen kuma ake soka ta. Nan ake tambayar mutum: a fara kashe wurin da wata ƙaramar allura, ko a tafi kai tsaye?

Likita ba shi da lokacin lallashi, sai ya bar mata bayanin. Ita kuwa magana ɗaya take yi wa kowa: "Ta kashe zafin ma tana cizo, huda biyu ke nan. In kai tsaye ne, ka ƙirga goma ya wuce." Ba a san ta da ƙarya ba, don haka da yawa suka zaɓi huda ɗaya saboda bakinta.

Wani tela, mai taka keken ɗinki, ya ba ni labarin ranarsa. Da cika baki ya shiga.

"Inna, ni da allura muke kwana muke tashi. A soka kawai!"

"Taka zare take ja, ɗan nan. Kwanta."

Ya ce bai san sanda ya ƙwala wa mahaifiyarsa kira ba, ita da ta daɗe a kabari. Ƙafar kuwa ko gezau, tana hannun Turke. Da ya sauko hawaye shaɓe-shaɓe, ta juya masa baya tana gyara tiren da ba ya bukatar gyara, har ya share fuska. An ce ya dawo a sake dubawa. Bai dawo ba. Ya gwammace ɗingishi, keken ma ya koma takawa da ƙafa ɗaya. Kuma ba shi kaɗai ne ya ƙi dawowa ba. Turke tana lura, abin yana cin ta, ba ta san dalili ba.

To, tsayuwa a kan siminti ba ta raga wa kowa. Ciwon da take riƙe wa mutane ya zo ya kama nata diddigen. Ranar da ta hau gadon da hannunta ya goge, likita ya ɗauko allurar kashe zafi. Ta ce ya ajiye.

"Haba Inna, ke fa kin san abin nan."

"Ban san shi ba, likita. Gani na yi, ban ji ba."

Aka kira mai shara, ƙawarta, ta riƙe mata ƙafar. Turke ta fara ƙirga a fili. Ta wuce goma. Ta wuce ashirin. A talatin da wani abu muryarta ta ɗauke. Allurar ba ta sa ta kuka ba. Sai da aka naɗe ƙafar ta dubi rufin ɗaki ta ce, "Duk shekarun nan, ƙirga goma nake gaya wa bayin Allah."

Washegari maganarta ta sauya. "Ni an yi mini ba a kashe ba, kuma ƙirga ta ɓace mini. Wani bai kai ni ji ba, wani ya fi ni. Ƙafarka ce, kai za ka zaɓa. Amma in tawa ce, a kashe."

Ba ta tsaya nan ba. Ran hutunta ta ɗingisa har shagon telan, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗan nan, gafara na zo nema. Ba goma ba ne."

"Inna, ai ni na ɗauka ni ne rago."

"Da kai rago ne, da ni me za a kira ni? Tashi mu je."

Ya koma, aka kashe wurin, aka yi. Yau da ƙafa biyu yake taka kekensa. Nata diddigen ne ya ƙi. Allurar nan ba a yawan maimaita ta, likita ya ce ya isa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, da sanda za ta fita daga ɗakin da ta shiga da ƙafafunta lafiyayyu.

Turke, ke ce kika riƙe ƙafafun da ko masu su ba sa son kallo. Ke ce kika gwada maganarki a jikinki, kika same ta da giɓi, kika tafi da ciwo har ƙofar wanda maganar ta cuta. Mun gode, Allah ya sassauta miki takun safiya.

Ku kuma da kuka gaji ɗakin nan, ku ɗumama hannu kafin ku taɓa mutum. Kada ku ce masa goma sai kun ƙirga da ƙafarku.