Guntuwa da Tantabarar Harami

Mahaifina ya shigo Makka da matarsa, da buzunsa, da wani kwando rufe da tsohuwar tabarma wanda bai yarda kowa ya leƙa ba tun daga gaɓar Sudan. 'Yan kwikwiyo biyu ne a ciki. Shekaru ya yi yana dakon buhuna a sitocin hatsi na bakin teku kafin Allah ya ba shi hayewa, kuma a can ya ga irin waɗannan karnuka wurin wani Bature mai kula da sito. Gajeru ne, tsayinsu bai kai gwiwa ba, gashinsu kaushi kamar soson wanka. Aikinsu ɗaya a duniya, kashe ɓera. Shi kuwa Baba jikan mafarauta ne daga ƙasar Kano, idonsa ba ya wuce kare mai zuciya.

A unguwar Hindawiyya ya buɗe ɗan sitonsa na alkama da dawa da gero, nan aka haife ni. Wanda bai zauna da irin karnukan nan ba ba zai gane halinsu ba. Ba su san girmansu ba sam. Ɗan abin da za ka ɗauka da hannu ɗaya zai tsaya gaban raƙumi yana haushi, yana jiran raƙumin ya ba da hanya. In ya ji motsi a ƙarƙashin buhu, ko kiran duniya za ka yi ba zai waiwayo ba, sai ya tona, ya cafko, ya girgiza sau ɗaya, ya yar, ya nemi na gaba. Ba ya cin abin da ya kashe. In ka bar shi kwana biyu babu aiki, takalminka da tabarmarka za su gaya maka. Matansu biyu kuwa ba sa zama ɗaki ɗaya sai an ga jini.

Maƙwabtanmu ba su taɓa son abin ba. Yawancinsu in kare ya taɓa musu tufa sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Mu malamanmu sun sassauta a nan, amma ba a garinmu muke ba. Abin da ya sa aka ƙyale mu shi ne alkawarin da Baba ya yi wa umda, wato mai unguwarmu, tun ina goye: karnuka ba za su wuce ƙofar sito ba, kuma ran da ɗayansu ya taɓa tsuntsun Harami, ran nan za a fitar da su duka daga garin. A Makka ɓera yana cikin abin da aka halatta kashewa. Tantabara kuwa ko firgita ta ba a yi. Tana sauka kan hatsinka ta ci ta ƙoshi, iyakarka ka kaɗa mayafi a hankali.

Saboda wannan alkawari Baba yake da wata hanya ta zaɓen 'ya'ya. In karya ta haihu, aka yaye su, sai ya watsa ɗan gero a farfajiyar sito, ya zauna ya riƙe kwikwiyo ɗaya bayan ɗaya a cinyarsa, tantabaru na sauka. Wanda jikinsa ya ɗauki rawa, idonsa ya kafe kan gashin tsuntsu, wannan na makiyaya ne, a kai shi bayan gari. Wanda ya kalli tantabara ya kau da kai, amma aka jawo masa mataccen ɓera da zare ya haukace, shi ake ajewa. Sau da yawa wanda ya fi kyau da ƙarfi shi yake faɗuwa. Ina ganin ana ba da su kyauta, raina na ɓaci.

Na taɓa ce masa, "Baba, kullum mai zuciyar kake korewa, ka bar mana raggwaye."

Ya ce, "Mai zuciya a daji ake nemansa. Nan maƙwabtan Ɗakin Allah ne mu. Karen da ba ya jin bari, ba namu ba ne."

Ya rasu bayan an gama yaƙin Turawa na biyu, ina da mata da 'ya'ya biyu, sito ya dawo hannuna. Haihuwar farko bayansa ta zo da wata 'yar ja mai gajeriyar wutsiya, muka riƙa ce mata Guntuwa. Na watsa geron kamar yadda na gani. Ban ko gama zama ba ta nemi ƙwacewa, jikinta na ɓari, zuciyarta na bugun tafin hannuna. Ta faɗi gwajin, faɗuwa mummuna. Amma wallahi ban taɓa ganin kare irinta ba. Na ce wa kaina horo zai gyara, na aje ta, na ba da 'yan'uwanta masu sanyi. Maiɗakina ta ce, "Malam, da Baba na nan da ba haka ba." Na ce mata ta kula da tukunyarta. Ni a lokacin nan ba a gaya mini magana.

Shekara uku Guntuwa tana wanke ni. Ɓera ya ƙaurace wa sitona, har masu sitocin da ke ƙyamar kare suka riƙa aiko da hatsinsu ajiya wurina. Tsohon karen Baba ya mutu, uwarta ta bi shi, ta zama ita kaɗai ta rage mini a zuriyar, sai wani namiji da ke hannun wani makiyayi a gefen Arafa wanda nake kai ta wurinsa. Ta san takuna daga nesa. In na zauna cin abinci sai ta kwanta ta ɗora haɓa kan ƙafata. Abu ɗaya ne ya gagare ni. "Kama" ta sani tun kafin in rufe baki, amma "zauna" da "saki" ba ta taɓa ji ba, ko sau ɗaya. Don haka in ana shanyar hatsi, ɗaure take.

Wata safiya bayan alhazai sun watse, na tarar ruwan tulu ya jiƙa mini buhun alkama biyu. Na zazzage su a farfajiya don su sha rana, raina a dagule. Tantabaru suka sauko kamar an yi musu gayya. Na kaɗa mayafi, suka tashi, suka dawo. Na sake, suka dawo. Guntuwa na ɗaure tana kuka tana tonon ƙasa. Har yau ina iya ganin hannuna yana kwance igiyar nan. Na ce a raina tsorata su kawai za ta yi. Kuma bakina da kansa ya ce, "Kama!"

Tsalle ɗaya ta yi, ta cafke guda a iska. Na yi ihu, "Saki! Saki!" Ta girgiza sau ɗaya kamar yadda take wa ɓera, ta kawo ta aje a gabana, tana kaɗa 'yar wutsiyarta, tana jiran yabo. Mai kawo mana ruwa yana tsaye a ƙofa da gwangwanayensa, ya gani. Ko da bai gani ba, ni na gani.

Na je wurin malaminmu na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya tambaye ni, "Ita ta ƙwace, ko kai ka cuna ta?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni na cuna ta."

Ya ce, "To tunkiya ta hau kanka, ka yanka ka raba wa mabuƙata. Karya ba ta da laifi, aikinta ta yi."

Na yanka a ranar. Da la'asar umda ya zo da kansa, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci, "Ya waladi, mahaifinka, Allah yarhamu, mutum ne mai magana ɗaya. Shekara talatin ban zo nan a kan kalb ba." Kare yake nufi.

Na ce, "Ya ammi, laifina ne, ba nata ba. A ba ni dama ɗaya, zan ɗaure ta har ta mutu."

Ya ce, "Na sani naka ne. Lakin ba zan iya korarka kai ba. Halas, bukra ka fitar da ita."

Na so in yi gardama, amma alkawarin ba nawa ba ne balle in taɓa shi. Wanda bai ji bari ba, ai zai ji hoho.

Washegari bayan sallar asuba na sa ta a tsohon kwandon nan da kakanninta suka shigo a ciki, na ɗora kan jaki. Muka ratsa Mina, babu kowa sai turakun tanti da tokar murhu. A Muzdalifa na sauke ta na ba ta ruwa a tafin hannuna, ta ga wani rami ta fara tono, na ƙyale ta ta yi son ranta. Ciki gare ta a lokacin, ya fara nunawa. Rana ta take sosai muka wuce ginshiƙan da ke nuna iyakar Harami, muka isa wurin makiyayin. Ya yi murna da ita, ya ce gafiya da ɓeraye sun dame shi a buhunan abincin awaki. Na nemi igiya in ɗaure ta kada ta biyo ni, aka rasa, duk suna jikin dabbobi.

Na durƙusa, na shafa kanta. Don dai kada in tafi ban ce komai ba, na ce, "Zauna."

Ta zauna. Na ja jakina na kama hanya, ina jiran in ji takunta a bayana, don na san halinta. Ban ji ba. Sai da na kai ginshiƙan na waiwaya, na hango ta a inda na bar ta, kunnuwa a miƙe, tana kallona. Na yi kuka a wurin nan, kukan da ban yi ba ran da muka binne Baba.

Ban sake aje kare ba. Makiyayin ya aiko mini cewa ta haifi biyar, in zo in zaɓa. Na san yadda ake zaɓe yanzu, na kuma san wanda Baba zai ɗauka. Amma ƙofar ta riga ta rufe, kuma da hannuna na rufe ta. Ɓerayen suka dawo kafin wata biyu.