Da Sauƙi Baba Ya Ce Mini

A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne mai jin kansa, haifaffen unguwar Ƙurban a nan Madina, ina aiki a wani shagon sayar da wayoyi. Hausa kuwa a kunne kawai nake da ita. Iyayena su yi mini magana da Hausa, ni in mayar musu da Larabci, kuma ina ganin hakan wayewa ce. In baƙi 'yan ƙasarmu sun zo gaisuwa, ko za a je dubiyar mara lafiya, sai in zame in ce ina da dawam, wato lokacin aiki ya yi. Wannan Hausar da kuke karantawa daga baya na zauna na koye ta a bakin mahaifiyata, matata kuma ta taya ni gyaran rubutun. Ina roƙon edita ya sakaya sunana.

Mahaifina ɗan dako ne a halaga, babbar kasuwar kayan marmari. Tun kafin a haife ni yake sauke akwatunan inabi da ruman daga manyan motoci, har kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce kai wannan. Ba ya wasa da ni, ba ya kuka da komai a gabana. Abu ɗaya ne ke sakin masa baki, shi ne keke. Yana saurayi a can gida, da keke yake yawon tallan yadi ƙauye ƙauye, kuma in ya fara wannan labari sai an yi kiran salla yake tsayawa. Da na shiga ƙungiyar masu tuƙa keke na sayi nawa mai giya, ya zagaya shi ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, ya ce wannan ai ko buhun gero ɗaya ba zai ɗauka ba. Amma da asuba na leƙo na gan shi yana gwada shi a lungu.

Wata rana muna cin inabi ya ce, kamar da wasa, duk tsawon shekarun nan yana ɗaukar abin nan a kafaɗa amma bai taɓa ganin bishiyar da ke haifarsa ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Na ce masa in rani ya yi zan kai shi Ɗa'ifa, mu ɗora kekuna a mota, mu zagaya duwatsu da gonakin inabi, akwai ma wani dam da ruwa ke taruwa kamar tafki. Da farko ya ƙi. Baba ba ya son fita daga Madina ko na kwana ɗaya, domin babban burinsa ajali ya same shi a nan a rufe shi a maƙabartar Baƙi'a. Ni na nace. Ina so ko sau ɗaya in yi abin da zai sa ya dube ni ya yi murmushi. Umma ce ta lallashe shi, ta ce ya je ya sha iska, dako ba zai gudu ba.

Da muka isa Ɗa'ifa, mun fara hawan duwatsun da sanyin safiya. Na aro masa keke a wurin abokina, ya naɗe ƙafar wandonsa ya cusa a safa kamar yadda suke yi a da, ya ƙi sa hular kwano, ya ce tasa ta ishe shi. A gangare har wuce ni ya yi yana kaɗa ƙararrawa. Birai na zaune a kan duwatsu suna kallonmu, ya ce su ma sun san gwani. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na ranar ba. Da muka kama hawa mai tsawo sai na ga ya rage gudu, can ya sauka yana turawa. Gumi ya jiƙa masa riga duk da iskar da ke kaɗawa, yana ta murza kafaɗarsa ta hagu. Na lura ba wadda dako ya karkatar ba ce, amma ban kawo komai a raina ba. Na tambaye shi da Larabci yaya yake ji. Ya ce da sauƙi.

Ni sauƙin da na sani shi ne na kasuwa da na aiki, kaya da sauƙi, hanya da sauƙi. Sai na ɗauka tsohon yana yi mini fankama ne, wai hawan ba komai ba ne a wurinsa. Har dariya na yi, na ce to tunda da sauƙi ya hau mu tafi. Ya dube ni, ya hau. A kan hanya Umma ta kira ni a waya, ta tambayi yadda Baba yake. Na ce mata da Larabci yana bi-khair, lafiyarsa ƙalau, shi da kansa ya faɗa. Ta yi hamdala ta ce kada mu manta da tsarabarta.

Gonar inabin da muka nufa tana gefen kwari, ana hango ruwan dam daga cikinta. Mai gonar dattijo ne mai kirki, ya buɗe mana ƙyaure ya ce mu shiga mu ci. Baba ya tsaya yana waige waige yana neman bishiya. Da aka nuna masa rumfunan da ganye ya rufe, ga nonon inabi na reto a ƙasansu, sai ya riƙe baki. Ya ce ashe abin da ya karya masa kafaɗa yaɗo yake yi kamar kabewa, ko tsayuwa da ƙafarsa ba ya iyawa sai an kafa masa sanda. Ya yi dariya har da tari. Ya zauna a inuwar rumfar, ya tsinki ƙwaya biyu ya riƙe a hannu bai ci ba. Akwai sauran wani tudu da nake son hawa don in ɗauko hoton tafkin daga sama in nuna wa 'yan ƙungiyarmu. Na sake tambayarsa ko lafiya. Ya ce da sauƙi, in je in dawo, zai ɗan huta. Ina juya keke ya kira ni, ba da suna ba, ya ce kai wannan, Allah ya yi maka albarka. Na ɗaga masa hannu ko tsayawa ban yi ba.

Na hau tudun na ɗauki hotona. Ina gangarowa na hango mai gonar a bakin ƙyaure yana ɗaga hannuwa biyu. Baba na kwance a ƙarƙashin rumfar, ma'aikatan gonar na yi masa fifita. Mai gonar ya riga ya kira motar asibiti, amma wurin da nisa, hanyar kuma duk kwana. Kafin mu isa gari rai ya yi halinsa, kansa a kan cinyata. Likita ya ce zuciya ce, kuma da alama tun da hantsi ta fara ba shi gargaɗi. Ya ce da an kawo shi a lokacin, wataƙila da an yi wani abu, amma komai na Allah ne. Manyanmu da muka yi waya da su suka ce a gaggauta masa sutura a inda ya cika. A Ɗa'ifa muka rufe shi. Mutumin da ya ƙi fita daga Madina tsawon rayuwata, ni na fitar da shi, kuma ban dawo da shi ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Umma ta zaunar da ni ta ce in ba ta labarin ranar tun daga farko, kada in tsallake komai. Da na zo wurin hawan, na faɗi kalmar kamar yadda ta fito daga bakinsa, da Hausa. Ta ɗago kai ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta tambaye ni a hankali ko kafin ta kira ni ne ya faɗi haka ko bayan. Na ce kafin. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai bayyana mini cewa Bahaushe mai lafiya cewa yake lafiya lau. Ba a cewa da sauƙi sai jiki ya ƙi, ko wanda ke gargarar mutuwa haka zai ce. Ta ce mutum irin Baba, a gaban ɗansa na fari, wannan ita ce iyakar ƙarar da zai iya kaiwa. Da na faɗa mata kalmar yadda take a waya, da ta ce in ajiye kekunan in nemi asibiti. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa.

Na san kwanansa ne ya ƙare, kuma malamai sun yi mini nasiha a kan haka. Amma har yau zuciyata ba ta daina ciwo ba, domin mahaifina ya gaya mini yana jin jiki har sau biyu, da yaren da aka yi mini raɗa da shi, ni kuma na yi masa dariya. Hoton tafkin yana nan a wayata, ban taɓa nuna wa kowa ba. Keken na bayar. Inabi kuwa ko a faranti na gani sai in kau da kai.

Ina kira ga 'yan uwana da aka haifa a nan, masu cewa ai muna jin Hausa, mayarwa ce kawai ba ma yi. Jin kalma daban, sanin abin da mai ita yake nufi daban. Ku zauna in baƙi sun zo, ku bi iyayenku dubiya, ku ji yadda ake tambayar jiki da yadda ake amsawa. In za ku isar da maganar tsoho, ku isar da ita yadda ya faɗe ta, kada ku juya ta. Ku kuma iyaye, ku taimake mu, in abu na ciwo ku ce yana ciwo, domin 'ya'yan da kuka haifa a nan ba duka ne suka san kunyarku ba. Kwanan baya na shiga gaida Umma na tarar tana dafe da ƙirji, na ce mata yaya jiki, da Hausa. Ta ce da sauƙi. Ban ƙara tambayarta komai ba, na miƙa mata abayarta na ɗauki makullin mota.