Mai Gwajin Tuƙi Ya Ajiye Makullinsa

Sau uku a mako, kafin ƙarfe bakwai, yakan sauke matarsa a ƙofar sashen wankin ƙoda, ya raka ta har bakin gado, sannan ya wuce filin gwajin tuƙi. A can zai jera tsofaffin gwangwanayen fenti da ya cika da siminti, ya tsaya jiran mu masu neman lasisi. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, sai watan jiya ya yi ritaya. Direbobi na kiransa Sai-Wani-Watan, don abin da yawancinmu muka fara ji daga bakinsa ke nan.

Ba ya barin ka taɓa makulli sai ya fito da kai bakin babban titi, kun tsallaka da ƙafa kun dawo. In kun iso kana haki, ya ce, "Ka ji yadda ƙirjinka ke bugawa? To haka na mutane zai riƙa yi in sun hango ka tafe."

Ni sau uku ya kayar da ni. Na farko ban ɗaura bel ba, na ce tumbina ne ya ɓoye shi, bai ko murmusa ba. Na biyu ina tsakiyar shataletale wayata ta yi ƙara, na ɗaga har da gyaran murya. Sai na ji muryarsa ta kunne biyu, ta waya da ta gefena: "Ni ne, ranka ya daɗe. Faka a gefe." Na ukun ba zan faɗa ba, 'ya'yana sun iya karatu.

Mun zage shi ba kaɗan ba, muka ce baƙin hali ne. Tsohon mai rajistar ofishinsu ne ya gaya min mafarin abin. Farkon kama aikinsa, yayarsa ta kawo masa ɗanta da ya samu aikin tuƙa bas. Hannunsa bai nuna ba, amma ta ce, "Ɗanka ne fa, so kake a yi mana dariya?" Ya ji nauyinta, ya sa hannu. Bayan wata bakwai ɗan ya fita wuce tirela a kan kwana, bas cike da mutane. Mutum goma sha ɗaya aka rufe, har da ɗan. Yayar ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, shi ma bai taɓa sauke wa kansa ba. Tun daga ranar, ko wa ya aiko ka, in ba ka san ba a wuce mota a kan kwana ko kan gada ba, in danja ta nuna ja ka ɗauka shawara ce, gida za ka koma.

Baba, kai ne mai cewa a'a a garin da kowa ke da wanda ya sani. Kai ne ka sha zagi don waɗanda ba su san kana yi ba. Wanda ya isa gida lafiya bai san wa zai gode wa ba, shi ya sa babu wanda ya taɓa zuwa.

Ana saura mako biyu ya bar aiki, lasisinsa na kansa ya ƙare. Mai gwajin ido, wadda shi ya koya mata aikin ofis, ta zaunar da shi gaban allon haruffa. Ya karanta layin farko, ya laluba na biyu, na uku ya gagare shi. Ta tashi ta tura ƙofa.

"Baba, layi ɗaya ne fa. Hanyar asibitin nan ko ido rufe ka san ta. In na rubuta ka faɗi, wa zai riƙa kai Mama?"

"Hanyar na sani, 'yata. Wanda zai fito cikinta gobe ne ban sani ba."

Ta kasa rubutawa. Ya karɓi biron, ya kai takardar dab da hancinsa, ya cike da kansa, ya ce ta sa hannu.

Da ya gaya wa matarsa, ta yi dariya ta ce, "Malam, ka kayar da kowa a garin nan, da ka rasa na kayarwa ka koma kanka." Can kuma ta juya fuska bango. 'Ya'yansu na nesa, kuma ta san tsayuwar jiran tasi bayan wankin ƙoda ba wasa ba ce.

Mun gode, Baba. Mu da muka zage ka ma mun gode, ko da yake mun makara. Masu sa hannu a takardun mutane, ku yi koyi da shi. Mu kuma masu furfura da ke ƙanƙance ido a kan sitiyari muna cewa hasken rana ne, mu je a duba mu.

Yanzu Litinin da Laraba da Juma'a yana kujerar baya ta wata tasi, yana riƙe da hannun matarsa. Ta ce duk lokacin da direba ya ƙara wuta, sai ta ga ƙafarsa ta dama na danna ƙasan mota, tana neman birkin da babu. Birkin yana ƙarƙashin ƙafarku, direbobi. Ku taka masa.