Neman Sunan Mai Rijiya

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙanena, a wata ƙaramar bas da sai an ɗaure ƙofarta da igiya. Rigimar 'yata ce ta fito da ni. Tana ƙasar Suwizalan inda mijinta ke karatu, ta haifi namiji, ga suna ya matso.

Layin da suke zaune, sunan wani ma'aikacin gundumarsu na ƙarni na sha tara aka sa masa, har da allo a bango. Ta haddace tarihinsa kamar kawunta ne: ya fara da magatakardan gari, ya shiga majalisar gunduma, ya tsaya tsayin daka aka yi wa kogi shinge don ya daina cinye gonaki, ya mutu a bakin aiki. Sai ta ce ai mu ma muna da irinsa, kakan kakana da ya yi wakilci a gabashin Gaya a wancan zamanin, sunansa take so a raɗa wa yaron. Na buɗe baki in faɗa, na ji wayam. Mai Rijiya kawai na sani. Wallahi na ji kunya.

A Gaya muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba. Wani dattijo a ƙofar masallaci ya ce ya san labarin mutumin sarai, shi ya shata burtali har makiyaya da manoma suka daina fasa wa juna kai. Na ce sunansa fa? Ya ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, mu ƙarasa Ajingi.

Mun tarar da Ajingi ana cin kasuwa, buhunan gyaɗa sun tare hanya, direbanmu ya sauka ciniki kamar ya manta da mu. A nan Wakili suke ce wa kakan namu. Muka hau acaɓa zuwa Gafasa, rairayi na neman kayar da mu, muka iske rijiyar tasa mata na ta jan ruwa. Su kuma Mai Babban Gida suka sani. Kowa ya riƙe aikinsa, ba wanda ya riƙe sunansa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutanen Suwizalan sun kafe sunan nasu a bango kowane yaro na karantawa, mu mun girmama namu har mun ɓatar da shi.

Da rana ta take muka isa Toranke, gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda na daɗe ban leƙa ba. Sai da ta wanke ni tas a kan zumunci, sannan ta sa aka kawo dambu. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta ja mayafi ta rufe baki.

“Ni zan kama wannan suna da bakina? Sunan mahaifina ne fa, na kakansa aka mayar masa.”

Na roƙe ta ko raɗa min ta yi a kunne. Ta dube ni sheƙeƙe.

“Kai Abba, don me tun kana goye ba mai kiranka da sunanka a gidan nan?”

Na san sunan kakana na ci, amma ban taɓa tambayar inda shi ya samo ba. Ƙanena ya yi ta dariya har ya ƙware da dambu.

Mun dawo Kano da magariba, ƙuguna kamar an doke ni da taɓarya. Abin da tafiyar ta koya min, mu ba a bango muke ajiye mutanenmu ba, a jikin 'ya'ya muke ajiye su, sannan mu hana kowa faɗa. Na buga wa 'yata waya na gaya mata ashe sunana ne. Ta ce to shi ke nan, Abba za su riƙa ce wa yaron. Na ce ta faɗi sunan ko sau ɗaya in ji ta riƙe.

Ta ce, “Haba Baba,” ta kashe wayar.