Fodeba Kuruma, Tafintan da Ya Karkata Hanya

Kullum da hantsi Kawu Fodeba Kuruma yakan jingine kekensa a ƙofar sansanin 'yan Sin, ya sha shayi a tsaye, ya shiga tsakanin mutanen da ba sa jin juna. Ya koyo Sinanci tun zamanin da komai na gwamnati ne. Da aka sayar da masana'antar da yake aiki, ya koma noman rogo. Shekara talatin harshen na barci a bakinsa, sai da kamfanin hanya ya iso ƙasar Kankan ya farka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ni lebura ne, ina riƙe wa masu awo sanda. Wata safiya na tarar da jan turke, alamar inda hanya za ta bi, a kan kabarin mahaifina. Ba da gangan ba ne. Makabartarmu ba dutse, ba suna, ciyawa ce a ƙarƙashin mangwarori. Su fili suka gani.

Dattawa suka kai goro goma, suna roƙon a kauce wa makabartar. Injiniya Fan ya karɓa da hannu biyu, ya ce taswira daga wajen manyansa ta zo. Saura kwana tara katafila ta shiga.

Na ce wa Kawu zan ƙone katafilar.

"Da wace ashana?" in ji shi. "Kai da ko sigari sai ka roƙa? Zauna."

Na zauna. Kwana shida yana ta tafintarsa kamar ba abin da ya faru, har na fara tsanarsa. Ran na bakwai Injiniya ya ƙi cin abinci, yana zaune yana kallon gabas. Kawu ya zo da tsintsiya biyu.

"Yau a ƙasarsu kowa ke share kabarin ubansa," ya raɗa mini. Ya juya ya yi wa Injiniya magana. Daga baya ya fassara mini: "Naka yana nesa. Zo ka ari na wannan yaron."

Muka yi shara. Rana na zubowa ta cikin ganye, kamar a ƙarƙashin ruwa muke. Nunannen mangwaro ya faɗo, ba wanda ya ɗauka. Injiniya ya tambayi sunan mamacin. Sidiki, na ce. Sau uku yana gwadawa kafin ya iya. Sannan ya cire turken da hannunsa, ya sa katafila ta dakata.

Kawu, kai ne ka yi mako biyu kana rubuta takardu da harshe uku har aka sake zanen hanyar, ta yi kwana ta kauce wa makabartar. Kai ne gadar da ba ta cikin kwangila. Direbobi na zagin kwanar nan kullum, ba su san sunanka ba.

Masu koyon harshen baƙi yanzu sun yi yawa. Ku je wajensa tun yana raye, ku koyi abin da baƙo ya baro a gida.

Na gode, Kawu. Mahaifina na kwance inda muka sa shi.