Zobona a Teburin Masu Giya

Raino ne ya kawo ni Kuala Lumpur. Ƙanena yana karatu, matarsa ta haihu, aka ce in zo in riƙe yara. Ban yi boko ba. Mijina ya daɗe da rasuwa, da zobo na riƙe kaina a Kano, nan ma da shi na ci gaba. Da korona ta zo, masu ɗaukar nauyin ƙanena suka yi shiru. Tukunyata ce ta koma ciyar da gidan.

Ni ba na awo. Ludayi nake tsomawa, in ɗiga a tafin hannu, in lasa. Cutar ta kama ni, ta sake ni, amma ta tafi da hancina da harshena. Tuwo da sabulu duk ɗaya ne a bakina. Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da dafawa, ina zuba kayan ƙamshi har sai na ji abu ya ɗan motsa a maƙogwarona. Ɗaliban unguwarmu, Wangsa Maju, suna karɓa a bakin ƙofa, su ce, "Mama, Allah ya ƙara albarka." Masu zuwan dai suna raguwa. Na ɗauka kullen korona ne.

Akwai wata ɗaliba maƙwabciyarmu, Yaya take ce min. Da aka sassauta kulle, ita ta samo min wani dattijo Ba'indiye mai gidan abinci a unguwar Brickfields. Yakan shirya wa baƙi abincin da ake ci ana ɗanɗana giya iri-iri, yana son wani abu ja da zai ba Musulmin da ke cikinsu. In ya karɓa, gidanmu ya samu ƙofa. Ya ce mu zo mu ci abinci, in kawo abin da nake da shi.

Na dafa kala uku: mai citta, mai ɓawon abarba, mai kanumfari. Na ɗura a kwalabe iri ɗaya, ban sa musu alama ba. Ban taɓa sa wa zobona alama ba.

Aka auna zafin goshinmu, aka zaunar da mu. Tebura nesa da juna. A na kusa da mu wasu mutane ne da kofuna masu dogon wuya a jere. Na juya kujerata, amma ido ba ya jin magana. Ana zuba musu kaɗan-kaɗan. Su kaɗa kofin, su cusa hanci, su kurɓa, sai gardama.

"Me suke cewa?" na tambayi yarinyar, don ita ce tafintata.

"Wancan ya ce ta farko tana ƙamshin itace, matar ta ce a'a, ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama."

"A cikin giyar?"

"Wallahi, Yaya. Ta biyu kuma wai ta yi wa kifin nauyi."

Ban taɓa hassadar mashayi ba sai ranar. Ba ruwana da abin da ke kofinsu. Hancinsu na so.

Dattijon ya zo da kofuna irin nasu. Na ce ta tambaye shi ko giya ta taɓa su. Ya yi dariya, ya sa aka farke sabon kwalin kofuna. Aka kawo naman akuya da kifi da shinkafa. Ya zuba zobona kofi uku, ya ɗaga ɗaya ga fitila, ya yaba launin. Ya kaɗa, ya shinshina, ya kurɓa. Ya ajiye a hankali ya nemi ruwa. Na biyu ma haka. Na uku bai haɗiye da wuri ba.

"Yana tambaya wanne ne na nama, wanne ne na kifi," in ji ta.

Na ɗauki kofunan ɗaya bayan ɗaya na kai hanci. Na kurɓa. Jan ruwa ne mai sanyi, duka ukun. Na tura mata.

"Sha ki gaya min."

Ta kurɓa, ta sunkuyar da kai.

"Faɗi."

"Kanumfari ne, Yaya. Duka. Bakina ya mutu kamar za a cire min haƙori."

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun da kika tashi daga ciwo. Na ɗauka na yau zai gyaru."

"Kuka yi shiru?"

"Wa zai kalli idonki ya ce zobonki ba daɗi? Samarin nan saya suke don kara, su zubar a makwarara."

Kara. Da sun zage ni da ya fi min.

Dattijon ya tambayi abin da muke cewa. Na ce ta gaya masa gaskiya. Ya saurara, ya taɓa hancinsa. Ya ce mai dafa masa abinci ma haka cutar ta yi masa, wasu hancin yana dawo musu, wasu shiru. Ya ce in ya dawo, in zo.

"Tambaye shi yaushe."

Bai jira fassara ba. Ya buɗe tafukan hannunsa.

Na cinye shinkafata tas, don ban saba barin abinci ba. A ɗaya teburin an kai giya ta ƙarshe, suna ta musu ko ta fi ta farko. Ya sa aka ƙulle mana sauran naman, abin da suke kira tapau, ya mayar min da kwalabena.

A jirgin ƙasa yarinyar tana ta ba ni haƙuri ta cikin takunkumi. Na ce ta yi shiru.

Ƙanena ne ya buɗe ƙofa, yara a bayansa.

"Yaya, an dace?"

Na miƙa masa ƙunshin naman.

"Ku ci. An ce da daɗi."