Ranar da Tankin Daddawata Ya Yanki Kawu

Ko ruɗewar tsufa ta zo mini, ba na jin zan manta ranar da tankin daddawata ya yanki Kawu.

A shekarun wahalar nan ne da masana'antun Kano suka yi ta rufewa. Maigidana yana aiki a wani kamfanin jima, aka sallame su. Maimakon ya dawo mana da buhun gero, sai ga shi da rabin tanki a bayan a-kori-kura, fari fat, yana ɗaukar ido. Na ce, "Wannan za mu ci?" Ya ce ban san daraja ba. Wai irin ƙarfen da ake sa wa jiragen ruwa ne, gawayin cikinsa kaɗan ne, ruwan gishiri da sinadarin jima ba sa cinsa, ko wurin walda ba ya tsatsa. Ni dai na ɗora shi a murhu ina dafa kalwa, kuma ya fi mini duron da kanwa take hudawa.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, ɗan tauri ne. Gonarsa ba ta kai shi ko'ina, maganin ƙarfen da yake sayarwa a kasuwar Shanono shi ke ciyar da gidansa. Ran nan da hantsi na fito da tankin ƙofar gida ina wankewa, sai ga shi da wasu makiyaya da suka biyo shi neman magani. Yana tafe yana cika baki.

"Duk abin da sunansa ƙarfe, ɗiyata, gaishe ni yake yi," in ji shi. Ya ɗaga hannu ya maka wa bakin tankin, daidai inda aka yanke shi.

Jini ya ɓalle. Makiyayan suka dubi hannun, suka dubi juna. Dariya ta taso mini har wuya, amma da na ga fuskar Kawu sai tausayi ya kama ni. In labarin nan ya isa kasuwa, gidansa ya daina ɗora tukunya ke nan.

Allah ya kawo wani ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, da ya daɗe yana zawarcin tankin. Ya zaro mayen ƙarfe ya manna masa don gwaji, mayen ya sulale ƙasa. Ya sake, ya sake faɗuwa.

Kawu, da jininsa da komai, ya miƙe ƙirji. "Kun gani? Mayen ma bai san shi ba. Ni maganin ƙarfe na sha, wannan kuwa abin teku ne."

Maigidana, uban ilimi, da yake tsaye kusa da ni, ya gyara murya. "A'a Kawu, ai ƙarfe ne, sai dai..."

Na taka masa ƙafa da iya ƙarfina. Ya haɗiye sauran bayanin.

Makiyayan suka sayi maganinsu suka tafi. Kasuwar da ta zagayo, Kawu ya fito da sabon ƙulli, wai na abin teku, a garin da ko gulbin kirki babu. Ya fi na da tafiya.

Kawu ya rasu da tabonsa da sunansa. Tankin yana nan, maigidana kuma har yau yana mitar ƙafarsa. Abin da na koya shi ne gaskiya ma ba ta tsatsa. Ana iya ajiye ta sai 'ya'yan wani sun ci tuwo, a dawo a same ta yadda aka bar ta.